Abin da Doka Ta Tanadar wa Talaka da Ma'aikaci, da Yadda Ake Karɓo Shi

 

An ce in yi magana a kan tallafin gwamnati da yadda ake samunsa. Na san abin da da yawa daga cikinmu suka zo ji: yaushe za a sake rabon kuɗi, kuma wa za a gani ya sa sunan mutum. Zan taɓa wannan, amma ba a nan zan daɗe ba. Abin da ke fitowa daga hannun gwamnati iri biyu ne. Akwai wanda shugaba ke sanarwa idan rayuwa ta yi tsanani, buhun shinkafa ko 'yan kuɗi a waya, ya ga dama gobe ya tsayar, babu mai kai shi kotu. Akwai kuma wanda majalisa ta rubuta a doka, aka faɗi wanda ya cancanta, aka faɗi adadi, aka faɗi wa'adi. A kan na farko muke turmutsutsu har a tattake mutane. Na biyun kuwa, wanda sau da yawa ya ninka na farko a wurin gida ɗaya, yana kwance a ofisoshi saboda masu shi ba su san nasu ba ne.

Bari mu sallami na farkon. Shirin ba gidaje marasa ƙarfi kuɗi a hannu ya kankama ne a zamanin mulkin Shugaba Buhari, ana ba gida Naira 5,000 a wata, a haɗa na wata biyu a biya Naira 10,000. Wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin Shugaba Tinubu ta sanar da Naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai da shirin kansa bisa zargin almundahana, kuma da aka dawo da shi sai aka ce ba za a biya kowa ba sai an tantance shi da lambar NIN ko BVN.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, ana ɗebo sunayen ne daga rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke kula da ita tare da ofisoshinsa na jihohi. Tsarin shi ne jami'ai su zo gari, a tara mutane, su da kansu su faɗi alamun talauci a wurinsu, su nuna gidajen da suka fi buƙata, sannan a bi gida-gida a ɗauki bayanai. Ba a sayen fom. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp ya ce ka latsa nan ka sa lambar bankinka, ko ya ce ka ba da dubu biyu na goro a sa ka, ɓarawo ne. Shiga rajistar ma ba ta nufin dole alat ya shigo. Amma ranar da aka ce jami'an rajista sun iso mazaɓarku, ranar ba ta zuwa kasuwa ba ce, domin idan mutanen kirki suka ƙaurace wa zaman, 'yan barandan siyasa ne za su cika takarda da ƙannensu.

Yanzu in zo inda nake so mu zauna sosai, wato abin da ke biyo bayan rasuwar ma'aikaci.

Dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ce kowane ma'aikacin gwamnatin tarayya da na kamfanonin da dokar ta shafa yana da asusun kansa a wani kamfanin kula da fansho da ya zaɓa. Duk wata ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi. Hukumar PenCom ce ke sa ido. Wannan kuɗin dukiyar ma'aikaci ce. Idan ya rasu kafin ya yi ritaya, ba gwamnati ce ke gadonsa ba, iyalinsa ne.

Ga kuma abin da mutane ƙalilan suka sani. Dokar ta tilasta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na duk abin da ma'aikacin ke samu a shekara ba. Mu ɗauka mutum yana karɓar Naira 100,000 a wata. A shekara miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ke nan, ninki uku kuma miliyan uku da dubu ɗari shida. Wannan daban yake da abin da ke cikin asusun fansho. Idan kuwa kamfanin bai yi inshorar ba, dokar ta ce shi zai biya daga aljihunsa. Yanzu ku tuna gidajen da kuka sani, inda aka yi addu'ar uku da ta bakwai, abokan aiki suka kawo gudummawa a ambulan, uwargida ta fita takaba, shi ke nan magana ta mutu, har yara suka bar makaranta. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Yaya ake tonawa? Da farko a sami shaidar rasuwa: takardar asibiti idan a can aka cika, da takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ita doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa. Idan hatsarin mota ne, a karɓi rahoton 'yan sanda tun abin yana da ɗumi. A rubuta wa wurin aikinsa takarda, su kuma su ba da tasu ta tabbatar da cewa ma'aikacinsu ne kuma ya rasu. Sannan a je kotun da ke da hurumi a nemi takardar da ke ba wasu daga cikin magada izinin karɓar dukiyar mamaci, a tabbata an ambaci asusun fansho a cikinta, domin idan ba a ambata ba kamfanin yana iya mayar da ku. Daga nan sai ofishin kamfanin fanshon da hotuna, da shaidar magadan, da lambar asusun banki.

A nan ne rigimar cikin gida ke tashi. Ma'aikaci yakan rubuta sunan wani makusanci a fom ranar da aka ɗauke shi aiki, sau da yawa wansa ko mahaifinsa, tun bai yi aure ba. Shekara ashirin su wuce bai canza ba. Wanda aka rubuta sai ya ɗauka kuɗin nasa ne. Kuɗin asusun fansho gado ne, ga Musulmi kuma an san yadda shari'a ta raba gado, da rabon matar, da na 'ya'ya, da na iyaye. Malamai da ke wurin nan, ina roƙonku, ranar da aka kira ku rabon gadon ma'aikaci, kada lissafi ya tsaya a gida da gona da babur. Ku tambaya: ina asusun fanshonsa, ina maganar inshora? Ku kuma ma'aikata, ku je ku gyara fom ɗinku, ku faɗa wa matanku sunan kamfanin da lambar asusun. Na san akwai mai jin faɗa wa mace irin wannan kamar kiran ajali ne. Ajali ba ya jiran a kira shi.

Mai rai ma yana da abin karɓa. Wanda aka sallama daga aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Ma'aikatan jihohi kuwa su binciki dokar jiharsu, domin kowace da tata: Kaduna ta bi tsarin asusun mutum ɗaya-ɗaya, Kano da Jigawa suna tara gudummawar a asusu guda ƙarƙashin hukumar fansho ta jiha. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka yi ritaya a tsohon tsari, hukumar PTAD ce tasu.

Akwai wata doka ta 2010 ta biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni, ko ya kamu da cuta saboda aiki, ko ya rasu a bakin aiki. Hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun. Mai kamfani ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a cire ko kwabo daga na ma'aikaci. Har hatsarin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida yana ciki. Sai dai tana da wa'adi mai tsauri: a sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Yaro ne inji zai cinye wa yatsu a masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, manaja ya biya kuɗin ɗinki ya ba shi ɗan abin sayen madara, iyaye su yi ta godiya. Godiya ba laifi ba ce, amma a yi ta bayan an rubuta sanarwa an karɓi kwafi mai hatimi.

Za ku ce duk wannan na masu albashi ne, ina manomi, ina mai tura baro, ina mai sayar da ƙosai? Gaskiyarku. Mafi yawan mutanenmu ba su taɓa ganin takardar albashi ba, kuma tanadin da aka yi musu kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya fi kusa da su shi ne na lafiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware abin da bai gaza kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba domin kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta kafa asusu na musamman ga masu rauni: mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da matalauta. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, su ke yi wa mutane rajista ta ƙananan asibitocin mazaɓu da aka zaɓa. Gurbin ba ya isar kowa, amma wanda bai je ya tambayi shugaban asibitin mazaɓarsa da kwamitin raya mazaɓa ba, ba zai ma san an buɗe ba.

Ɗalibai, naku bashi ne, kada a ruɗe ku. Asusun NELFUND da aka kafa da dokar 2024 yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a ko kwalejin gwamnati, yana kuma ba wanda ya nema Naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa, wanda ya sa ya fi sauƙin karɓuwa a wurinmu, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ana nema ta intanet da lambar JAMB, da NIN, da BVN.

Kun ji yadda NIN ke ta dawowa a bakina. Duk ƙofofin nan da mabuɗi ɗaya ake buɗe su, wato takardun shaida da suka dace da juna, mu kuma a nan muke da rauni. Mutum ɗaya ne Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a banki, Mamman a katin zaɓe. A wani wuri sunan mahaifinsa ne na biyu, a wani wuri sunan garinsu. Ranar haihuwa kuwa, wanda ya cika fom a shagon kwamfuta ne ya zaɓa masa 1 ga Janairu. Ma'aikacin da ya rage shekaru don ya daɗe a aiki, iyalinsa ne za su sha wuyar ƙaryar ranar da kwamfuta ta ƙi haɗa takardunsa. Mata sun fi kowa shiga wannan matsala, domin da yawa da layin wayar miji ko na ɗa aka yi musu rajista, kuɗi ya shigo ba su sani ba. Yin NIN karon farko kyauta ne a hukumar NIMC, gyara ne ake biya, gara kuma a yi gyaran yanzu da lafiya a jika.

Ban ce duk laifin namu ne ba. Akwai jihohin da suka yi shekara da shekaru suna riƙe da garatutin tsofaffi har wasu suka mutu suna jira. Akwai kamfanonin da ke cire kuɗin fansho daga albashi su ƙi zubawa, alhali doka ta sa musu tarar aƙalla kashi biyu cikin ɗari a kowane wata na jinkiri. Akwai magatakardan da fayil ba ya motsi a teburinsa sai an sa masa wani abu a ciki. Maganin irin waɗannan shi ne rubutu. Kada ka yarda da "je ka dawo" ta baki. Rubuta takarda, yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka, kuma kada ka bar ainihin takardunka a hannun kowa. Idan kamfanin fansho ya yi shiru, PenCom na karɓar ƙorafi. Idan ma'aikatar gwamnati ce, Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a kowace jiha kuma ba ta karɓar kuɗi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ma'aikatun tarayya kwana bakwai su amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce.

Matar da ke takaba ba za ta iya wannan zirga-zirga ba, kuma kwana 14 ɗin diyya ba sa jiran ta fita. Shi ya sa nake ba ƙungiyar da ta shirya wannan zama shawara ta ware mutum biyu ko uku a kowace mazaɓa, cikinsu har da mace, waɗanda suka iya cika fom da rubuta takarda, mai unguwa da liman su san da su, a riƙa sanar da su duk lokacin da ma'aikaci ya rasu ko ya ji rauni. Tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya sun fi kowa dacewa, domin sun bi hanyar da ƙafarsu, sun san kowane teburi. Shugaban zama, na ga akwai da dama daga cikinsu a layin gaba, ina ganin a ɗauki sunayensu kafin a tashi.