Zafi Ɗan Aike Ne



A Hausa akwai ƙaramar kalma mai ɗaukar kaya da yawa, wato "ji". Muna jin magana, muna jin ƙanshi, muna jin ɗanɗano, muna jin sanyi da zafi. Gani ne kaɗai ya fita daban. To, yaya ake yi mutum ya ji?

Allah ya shimfiɗa waɗansu jijiyoyi ko'ina cikin jikinmu. Ba na jini muke nufi ba, waɗannan aikinsu kai saƙo. Idan ƙaya ta soke ka a gona, bakin jijiyar da ke cikin fata shi ne yake fara sani. Saƙon ya bi ƙafa ya hau, ya shiga laka da ke cikin ƙashin baya, daga nan ya wuce ƙwaƙwalwa. Sai ya isa can ne za ka ce wayyo. Wani saƙo yakan yi gudun mita 100 cikin sakan ɗaya, wani kuwa ba ya wuce mita 2. Shi ya sa in ka yi tuntuɓe kake fara jin bugun, raɗaɗin ya biyo daga baya. Uwargida kuma in ta taɓa tukunya mai zafi, hannunta yakan janye tun ba ta sani ba, gama laka ba ta jiran ƙwaƙwalwa, ita da kanta take ba da umarni.

Dukanmu muna roƙon Allah ya raba mu da zafi. Amma akwai waɗanda suka rabu da shi, abin kuwa bai yi musu kyau ba. Muna maganar masu ciwon kuturta.

A shekarar 1946 wani likita Kirista Bature, Paul Brand, ya fara aiki a asibitin mishan na Vellore a ƙasar Indiya. A lokacin an ɗauka kuturta ce take cin naman mutum har yatsu su zube. Ya sa ido a kan majinyatansa, sai ya ga ba haka ba ne. Ƙwayar cutar jijiyoyi take kashewa, musamman na hannu da ƙafa da fuska. Mutum ya ɗauki garwashi bai ji ba, ya wuni yana tafiya da ƙusa cikin takalmi bai ji ba. Gyambo ya shiga, ya ruɓe, yatsa ya tafi. Har ya gano ɓeraye suna cin yatsun waɗansu da dare suna barci, sai ya sa aka riƙa ba su kyanwa.

Yanzu ga abin da ya shafi gidajenmu. Kuturta ba la'ana ba ce, ba kuma maita ba. Ƙwayar cuta ce, wani likita a ƙasar Norway ya gano ta tun 1873. Tana da magani, ana sha wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duniya. Amma jijiyar da ta riga ta mutu da wuya ta dawo. Saboda haka in ka ga tabo fari-fari ko ja-ja a fatar ɗanka, ba ƙaiƙayi, ba zafi, ka sa ya rufe ido, ka taɓa wurin da auduga. In bai ji ba, ku tafi asibiti cikin makon nan. Kada ku rufe da riga don gudun bakin mutane. Masu ciwon sukari su ma jijiyoyin ƙafarsu sukan mutu, sai su riƙa duba tafin ƙafa kowace yamma.

A Markus sura ta 1 mun karanta yadda kuturu ya zo wurin Yesu. Ubangiji yana da ikon warkar da shi daga nesa da kalma ɗaya, amma sai ya miƙa hannu ya taɓa shi. Wa ya san shekara nawa rabon mutumin nan da wani ya taɓa shi? Mu kuwa a ikilisiyoyinmu har yau akwai inda ake ware wa irin wannan ɗan'uwa benci da kofin shan ruwa, alhali wanda ya fara shan magani ba ya ƙara sa wa kowa cutar. Wannan bai dace da mu ba.

Bari mu yi addu'a domin marasa lafiya da masu jinyarsu.