Loma Biyar Sun Ishe Ni: Cin Abinci Bayan Tiyatar Rage Tumbi

(Jawabin da wani ɗan'uwanmu, shugaban makarantar firamare, ya gabatar a taron reshe kan jin daɗin malamai da aka yi a Toranke. Mun buga shi da izininsa.)

Mai girma Shugaban reshe, Sakatare da sauran shugabanni, iyayenmu da suka ajiye alli bayan doguwar hidima, 'yan'uwana malamai maza da mata, da iyalanmu da suka taso daga Ajingi, Gafasa, Balare, Kunkurawa da Gaya, ina yi muku barka da zuwa.

Yawancinku kun san ni da babbar rigar da tela ke kuka da yawan yadinta. Yau ga shi kun gan ni na zube. Na kuma ji abin da ake faɗi a bayan idona: wasu sun ce ciwon sukari ne ya cinye ni, wasu sun ce bashi ne, wasu ma sun ce sammu. Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. To, ni cikin nawa yanzu ko tuwon ba ya ɗauka da yawa, balle sirri. Saboda haka da Shugaba ya nemi in yi bayani, ban yi musu ba.

Wata ashirin ke nan da aka yi mini tiyatar rage tumbi a wani asibiti a Abuja. Kafin nan nauyina kilo 141 ne. Ina fama da ciwon sukari da hawan jini, gwiwoyina sun ƙi, darasi guda ba na iya gama shi a tsaye, salla kuwa sai a kan kujera. Akwai ma'aunin da likitoci ke kira BMI, wanda ke gwada nauyin mutum da tsawonsa. Nawa ya kai 46. Ƙa'idar da likitoci suka fitar a 1991 ta ce a duba yiwuwar tiyata ga wanda ya kai 40, ko 35 idan akwai ciwo irin nawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima. Mu kuwa har gobe muna ganin teɓa mu ce hutu ne.

Ban zo yi wa tiyata talla ba. Tana da tsada, sai da na sayar da gona, 'yan'uwa kuma suka taimaka. Tana da haɗari, kuma ba a zuwa gare ta sai sauran hanyoyi sun gaza. Abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne abin da ke biyo bayanta, domin ya shafi duk wanda aka yanke wa wani sashe na tumbi, ko saboda ƙiba, ko gyambon ciki da ya yi tsanani, ko ciwon daji. Irin wannan aiki ya daɗe: tun 1881 wani likita, Theodor Billroth, ya yi nasarar yinsa a birnin Biyana. Likita yana gama nasa cikin sa'o'i kaɗan. Sauran aikin yana hannun majinyaci da mutanen gidansa, kuma ba ya ƙarewa.

A irin tiyatar da aka yi mini, ana cire kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, a bar siriri mai siffar ayaba. Abin da yake ɗauka da farko bai wuce cikin ƙaramin gwangwanin madara ba. Sashen da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, don haka mutum kan wuni bai ji yunwa ba alhali jikinsa yana bukatar abinci. Dole agogo ya zama shi ne mai tuna maka.

Komawa ga abinci hawa-hawa ne, kamar yadda muke ɗaukar yaro daga aji ɗaya zuwa aji shida. Mako biyu na farko ruwa-ruwa kawai: romon da aka tace aka kwashe kitsensa, madara, koko tsararo ba sukari. Mako biyu na gaba abin da aka dama ya yi laushi kamar na yaye: kindirmo, wake da aka surfe aka dafa ya narke, kifin da aka cire wa ƙaya aka murƙushe. Daga nan sai mai taushi, irin su alala, ƙwai da faten kabewa. Sai bayan mako shida zuwa takwas ake fara gwada abincin kowa, shi ma ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi tsallake yana wasa da ɗinkin da bai warke ba. Zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, matsanancin ciwon ciki, ko aman da ya ƙi tsayawa, duk alamu ne na a tafi asibiti nan take, kada a tsaya neman jiƙo.

Akwai ƙa'idojin da ba su da ranar ƙarewa. Ta farko, abinci mai gina jiki shi ake fara ci. An ce in samu aƙalla giram 60 na furotin kullum, ƙwai ɗaya kuwa giram shida ne ko kusa da haka. Mu da muka saba cika ciki da tuwo, nama ya zama ado a kan miya, sai mu juya lissafin: wake, awara, ƙwai, nono ko kifin Wudil tukuna, sannan zogale ko alayyahu, tuwo ya zo ƙarshe in akwai wuri. Ta biyu, a tauna loma har ta narke, a ɗauki minti ashirin zuwa talatin a kan ɗan abin da ke gabanka, sau biyar ko shida a rana. Ta uku, ba a haɗa ci da sha: a bar minti talatin tsakani. Duk da haka ana bukatar ruwa lita ɗaya da rabi ko fiye, wato ledar ruwa uku, da kurɓi-kurɓi tun safe har dare. A zafin bazararmu wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ta huɗu, lemon kwalba mai gas da abin sha mai zaƙi an yi sallama da su.

Wannan ta huɗun da jikina na koye ta. A wata na huɗu na je suna a danginmu. Gwaggona, wadda ta goye ni, ta dama fura da sukari ta miƙo mini da hannunta. Na ce, "Gwaggo, likita ya hana." Ta ce, "Ɗan nan, furar tawa ce za ta kashe ka?" Kunya ta sa na sha ludayi uku. Ba a yi minti ashirin ba gumi ya karyo mini, zuciyata tana dukan uku-uku, jiri ya kwashe ni, cikina ya murɗa. Daga baya likita ya yi mini bayani: zaƙin yana zarcewa cikin hanji gaba ɗaya, ya janyo ruwa daga jini, sannan bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jini yana iya faɗuwa ƙasa warwas. Gwaggo ba ta nufe ni da sharri ba. Ƙauna ce ta gwada mini ta hanyar da ta sani.

Nan ne wahalar take, 'yan'uwa. A wurinmu "bismillah" ba a mayar da ita, baƙo ba ya tashi bai taɓa akushi ba, miji in ya rage tuwo uwargida ta kwana tana tunanin laifinta. Ni da ƙannena tire ɗaya muke ci a zaure tun muna yara. Ranar da na yi loma biyar na tsame hannu, suna kallona ina kallonsu, na shiga ɗaki na share hawaye. Maiɗakina ta yi makonni tana ganin girkinta ne na ƙi. Sai da na tafi da ita wurin masaniyar abinci ta ji da kunnenta. Yanzu ita ce ke auna mini a ƙaramin faranti, ina zama a gefen tiren tare da kowa, su ci nasu in ci nawa, hira ba ta yanke ba. Iyayenmu mata da ke nan, idan irin wannan majinyaci ya ce ya ƙoshi, ku yarda da shi. "Ƙara mana" ga wani alheri ne, gare shi kuwa amai ne ko asibiti.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Tumbi ne ke samar da sinadarin da ke sa jiki ya tsotsi bitamin B12. In ya ragu, ƙarancin jini da mutuwar yatsu suna shigowa a hankali. Don haka nake karɓar allurarsa duk wata uku, ina shan ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, ana kuma duba jinina a kan lokaci. Magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis kamar gyaɗa, irin su ibuprofen da diclofenac, an hana ni, domin suna iya jawo gyambo. 'Yan'uwa mata kuma ana ba su shawarar jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aikin. Azumin farko da ya riske ni ban yi shi ba, bisa shawarar likita, bayan na tuntuɓi malamanmu. Na biyun na yi: ruwa kaɗan-kaɗan da dabino ɗaya, a yi salla, a dawo ga abinci a tsanake, sahur kuma a jinkirta shi.

Yau nauyina kilo 96. Likita ya rage mini magungunan sukari da na hawan jini, ina salla a tsaye, na kuma koma ɗaukar aji shida lissafi. Amma tumbi yana buɗewa da lokaci, mai yawan lashe-lashe da shayi mai kauri yana iya komawa gidan jiya. Ban ci jarrabawar ba tukuna, kullum cikinta nake.

Mai girma Shugaba, ina da roƙo huɗu. Na ɗaya, shugabannin makarantu su duba jadawalin malamin da ya dawo daga irin wannan aiki, domin fitar tara kaɗai ba ta isarsa, a kuma bar shi da gorar ruwansa a aji. Na biyu, reshe ya tsaya wa mai komawa ganin likita a Kano ko Dutse, kada a lissafa masa ranar a matsayin fashi. Na uku, a gayyato jami'in hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ya faɗa mana dalla-dalla abin da gudummawarmu ta ƙunsa game da gwajin jini da magunguna. Na huɗu, a tanadi sikeli da na'urar awon jini da ta sukari a kowane taronmu, a kuma rage lemon kwalba a ƙara ruwa. Da an tare ni ina kilo 100, da gonata tana nan.

Na ga an fara shigo da abinci. Idan kun ga na yi loma biyar na wanke hannu, kada kowa ya ce mai girki ta gaza. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu ita, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.