Karatun Lissafi a Jami'a: Jawabin Kwamitin Ilimi a Taron Shekara-Shekara

 

An ɗora mana nauyin mu yi magana a kan karatun digiri na farko a fannin lissafi. Mun karɓi wannan nauyi ne saboda wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Duk shekara idan sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu suka fito, sai iyaye su riƙa buga mana waya: yaro ya nemi likitanci ko injiniyanci, ga shi an tura shi sashen lissafi, ko akwai wanda muka sani da zai taimaka a canza masa? Uba yakan yi maganar kamar mai kai ƙarar an zalunce shi. Har yau ba mu taɓa samun wanda ya kira mu yana neman a mayar da ɗansa lissafi ba. A ɗaya gefen kuma, iyayen nan su ne ke kuka da cewa makarantun sakandarenmu na gida ba su da ƙwararrun malaman lissafi, yara suna faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO a wannan darasi, ga shi kuwa ba a shiga kwasa-kwasan kimiyya sai da kiredit a cikinsa. To, wa zai koyar, idan kowa ya hana nasa ɗan karantawa?

Da farko dai, wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya tafi aikin Hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira, inda ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar ɗin nan. Wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan ilimin aufaƙi, wato abin da muka fi sani da hatimi, ya bayyana hanyoyin gina waɗanda gidajen kowane layinsu mara ne, kamar uku ko biyar ko bakwai. Kafin shi da ƙarni tara, al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza, kuma babban ɓangare na littafin a kan matsalolin rabon gado da wasiyya yake. Duk malamin zauren da ya iya fitar da sudusi da sumuni daga dukiyar mamaci, lissafi yake yi, ko da bai kira shi da wannan suna ba.

Bari mu ɗan tsaya a kan hatimin nan, domin da shi za mu nuna muku bambancin lissafin sakandare da na jami'a. Lambobinsa kawai muke magana a kai. Ku ɗauki mai gida tara: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 ake samu. Ɗan sakandare zai tara ya ga haka ne, ya ci makinsa ya wuce. Ɗalibin jami'a kuwa tambayarsa za a yi: me ya sa dole sai 15, kuma me ya sa dole 5 ce za ta zauna a tsakiya? Ga amsar. Idan aka tara 1 zuwa 9 ana samun 45. Layuka uku ne a kwance, kowanne daidai da ɗan'uwansa, saboda haka kowanne 15. Sannan layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimillarsu 60. Waɗannan layuka sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Ashe ke nan 15 ɗin da ta hau kan 45 ninki uku ce na lambar tsakiya, lambar kuwa ba ta da zaɓi sai ta zama 5. Ba mu gwada ko da hatimi ɗaya ba, amma mun yanke hukunci a kan dukkansu. Wannan shi ake kira hujja, kuma shi ne abincin ɗalibin lissafi har ya gama.

Wani zai ce, idan an gwada abu sau da yawa ya yi daidai, ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Masanin nan Euler, mutumin Suwizalan, ya lura da wani tsari a ƙarni na 18: ɗauki lamba, ninka ta da kanta, ƙara ta a kai, sannan ƙara 41. Da 1 za a sami 43, da 2 a sami 47, da 3 a sami 53, dukkansu lambobi ne da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya. Haka abin zai yi ta tafiya har zuwa 39, ba kuskure. Ana zuwa 40 sai a sami 1681, wato 41 sau 41, tsarin ya rushe. Wanda ya tsaya a gwaji na talatin zai iya rantsuwa a kan abin da ba gaskiya ba ne. Ba mu san wani fanni da ke koya wa matashi tsoron yanke hukunci da garaje kamar wannan ba.

Yadda karatun yake kuwa, shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, uku ga wanda ya shigo kai tsaye da NCE ko IJMB. A JAMB akan haɗa Ingilishi da lissafi da fiziks, na huɗun galibi kemistiri. Aji ɗaya ba ya cika tayar da hankali, domin maimaici ne da faɗaɗa abin da aka sani, musamman ga wanda ya yi darasin ƙarin lissafi a babbar sakandare, darasin da yawancin makarantun karkara ba sa koyarwa. Aji biyu shi ne mararraba. A nan ne ɗalibi zai haɗu da kwas ɗin da ake kira analisis, inda za a ce ya kawo hujjar abubuwan da ya daɗe yana amfani da su a kalkulas ba tare da tambaya ba, da kuma aljabarar da ake yin shafi guda ba a ga lamba ko ɗaya ba. Mun sha ganin yaron da ya saba cin tamanin a sakandare ya dawo da talatin da biyar, ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta toshe. Ba ita ba ce. Ya zo ne da hadda, alhali wurin fahimta yake nema. Maganinsa shi ne zama da fensir da takarda kullum, a sha fama da tambaya ɗaya yini guda, a kwana da ita, a kai wa abokai a tattauna. Littafin lissafi ba a karanta shi a kishingiɗe. Wanda ya haye wannan gaɓa, aji uku da huɗu sukan zo masa da sauƙi, har ya rubuta kundin kammalawa. Mu kuma tuna wa yaranmu cewa makin kowane zango yana shiga jimillar ƙarshe: daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa cikin 5.00, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Wanda ya yi wasa da aji ɗaya yana fushin ba a ba shi likitanci ba, zai daɗe yana biyan bashin.

Sai tambayar da ke bakin kowane uba: in ya gama, aikin me zai yi? Gaskiya ita ce takardar lissafi ba ta zuwa da sunan sana'a a goshinta kamar ta likita ko lauya, kuma wanda ya fito da sakamako mai rauni, bai kuma koyi komai a gefe ba, zai sha wuya. Amma ƙofofin suna da yawa. Kamfanonin inshora da na fansho, waɗanda suka bunƙasa bayan dokar gyaran fansho ta 2004, suna neman masu ƙiyasta haɗari da lissafin shekaru. Akwai bankuna, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da kamfanonin sadarwa. Kuɗin da kuke turo wa gida ta waya, lissafi ne ke tsaronsu: ɗaya daga cikin hanyoyin ɓoye saƙo da aka fi sani, wadda aka fito da ita a Amurka a 1977, ta dogara ne kacokan a kan wahalar warware ninkin manyan lambobi marasa rabuwa, irin waɗanda muka ambata ɗazu. Shawararmu ga duk mai wannan karatu ita ce ya koyi rubuta manhajar kwamfuta da ilimin ƙididdiga tun yana aji biyu. Mai son zurfafawa kuma akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda kusa da Abuja, akwai kuma cibiyar AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, wadda ke ɗaukar nauyin digiri na biyu ga waɗanda ta zaɓa.

Kada a manta da waɗanda suka riga mu. Farfesa Iya Abubakar, mutumin Belel a Adamawa, lissafi ya karanta a Ibadan ya fito da daraja ta ɗaya, ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, ya yi minista, ya kuma yi sanata daga 1999 zuwa 2007. Ga masu cewa lissafi ba na mata ba ne, Farfesa Grace Alele-Williams, mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya, wato ta Benin a 1985, malamar lissafi ce. Maryam Mirzakhani 'yar Iran ita ce mace ta farko da ta sami lambar Fields, mafi shahara a wannan fanni, a 2014. Muna da 'yan mata a garin nan da ke riƙe lissafin adashi da cinikin uwayensu a ka, ba sa ɓatar da ko kwabo. Ba mu ga abin da zai hana su ba.

Koyarwa muka bari a ƙarshe, ba don ita ce ƙarama ba. Mun san albashin malami ba ya ruɗar kowa, shi ya sa ba ma tsammanin matashi zai dawo gida ya riƙe alli don kishi kawai. Saboda haka Kwamitin Ilimi yana roƙon wannan taro ya amince da abu biyu kafin a tashi. A ware gurabe biyu cikin tallafin karatun da ƙungiya ke bayarwa, ɗaya na namiji ɗaya na mace, ga masu karanta lissafi, bisa sharaɗin su koyar a makarantunmu lokacin dogon hutu. Sannan kowane reshe na birni ya ɗauki nauyin alawus ɗin malamin lissafi ɗaya na tsawon zango guda, bi da bi. Takardar ƙiyasin kuɗin tana hannun Ma'aji, za a raba ta ga shugabannin rassa bayan sallar Azahar domin a tattauna a zama na biyu.