Dattijo Mai Niyyar Hajji, Ga Maganar Likita

Maganarmu ta yau da dattawa za mu yi ta, maza da mata, waɗanda suka shekara ashirin ko talatin suna tari, kwabo bisa kwabo, yau ga shi Allah ya nufa an biya kuɗin kujerar Makka. Kai Baba, ke Inna, muna taya ku murna. Amma fa ku tuna, jikin da ya ƙulla niyyar nan yana ɗan shekara arba'in, yanzu saba'in yake nema.

Kakanninmu a ƙasa suke zuwa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Wani sai ya yi shekaru a hanya, wani ma Sudan ta zama gida. Wanda ya isa kuwa, ya isa da ƙafar da ta saba tafiya da jikin da ya saba rana. Kai kam, daga Kano zuwa Jidda awa biyar ma ba za ta cika ba. Jiya kana zaune a zaurenka, yau ga ka cikin turmutsutsun mutum fiye da miliyan ɗaya. Tun da hanya ba za ta horar da kai ba, tilas ka hori kanka tun a gida.

Aikin ba ƙarami ba ne. Safa da Marwa kaɗai, sawu bakwai, ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da zuwa wurin jifa da komowa. Saboda haka tun saura wata biyu ko uku ka soma zagawa bayan sallar asuba, kullum kana ƙara nisa kaɗan kaɗan, da takalmin da za ka tafi da shi. Sabon takalmi sai ya ci ƙafa. In ka ji ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya gagara tun ba ka yi nisa ba, to, je ka ga likita a ranar.

Ga inda muke so ku kasa kunne sosai. Hukumar alhazai ta kowace jiha takan sa a gwada lafiyar maniyyata. Dattawa da yawa kan ɓoye ciwonsu a wurin nan, don tsoron kada a hana su tafiya bayan sun sayar da shanu ko gona. Mun san abin da ke zuciyarku, kuma ba mu ga laifin mai wannan tsoro ba. Amma hawan jini da ciwon sukari ba su hana mutum tafiya in yana shan magani bisa ƙa'ida. Abin da likita ke nema shi ne ya daidaita maganin, ya rubuta maka takarda mai nuna ciwonka da sunan abin da kake sha. Wanda ya ɓoye, ran da ya faɗi a Mina ba mai sanin abin da ke damunsa, ga shi ba ya jin Larabci. Ka ɗebi magani da zai kai ka har komowa, da rara, cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu. Kada ka sa shi cikin babban akwati, don akwati kan yi ɓatan kai. Mai allurar insulin ya kiyaye ta daga rana.

Sai rigakafi. Allurar sanƙarau tilas ce, kuma da dalili: cutar ta ɓarke cikin alhazai a 1987, ta sake ɓarkewa a 2000 da 2001, har waɗansu suka kai wa iyalinsu ita gida. A yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, don sai ta kwana biyu a jiki take kamawa. Haka ta shawara, wadda tun 2016 aka yarda sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Kada ka yarda wani ya sayar maka da kati ba allura. Kati ba ya tare cuta.

Yanzu zafi. A Hajjin 2024, cikin watan Yuni, ma'aunin zafi ya haura digiri 51 a Makka, abin da ko Sakkwato da Maiduguri ba su saba gani ba cikin bazara. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum fiye da 1,300 suka rasu, galibinsu waɗanda suka shiga ba izini, suka yi ta tafiya cikin rana ba tanti ba mota. Tsoho ya fi kowa haɗari, domin da shekaru jin ƙishirwa kan ragu, sai jiki ya bushe mai shi bai sani ba. Kada ka jira ƙishirwa, yi ta kurɓa a kai a kai. Duba fitsarinka: in ya yi ja, ko ya ragu, ruwa bai isa ba. Ke Inna, mun sani mata da yawa kan ƙi shan ruwa don gudun layin bayan gida. Gara layin da gadon asibiti. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda, shi kam ya tambayi likita yawan ruwan da ya dace da shi.

Riƙe laima, ka zauna cikin tanti da tsakar rana. Kada ka ce sai ka yi tsere da samari wajen hawa dutsen Arfa ko kutsawa ga Hajarul Aswadi. Malamanku sun bayyana muku cewa mai rauni yana iya ɗawafi a keken turawa, yana iya wakilta wani ya yi masa jifa. Tambaye su tun kafin tashi, don zuciyarka ta kwanta.

In ka ga abokin tafiyarka jikinsa ya yi zafi rau, yana magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, rana ce ta buge shi, kuma abin gaggawa ne. Kai shi inuwa, kwara masa ruwa a jiki, yi masa fifita, a kira ma'aikatan lafiya nan da nan. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki.

Mai ciwon sukari ya lura da ƙafarsa ƙwarai. Takalmi kan ɓace a ƙofar masallaci, mutum ya ce bari ya lallaɓa haka zuwa masauki, kwalta ta ƙone masa tafin ƙafa bai ji ba. Sa takalminka cikin jaka ka rataya, ka kuma duba ƙafa kowane dare. Wajen aski, a buɗe sabuwar reza a gabanka, don ciwon hanta da ƙanjamau suna bin aska.

Bayan an komo gida, yawancin alhazai kan zo da tari da mura, su wuce cikin 'yan kwanaki. Amma in zazzaɓi ya haɗu da sarƙewar numfashi, ko ciwon kai da sandarewar wuya, a bar 'yan barka su jira, a tafi asibiti, a kuma gaya wa likita daga Makka aka dawo.

Allah ya kai ku lafiya. Sai mako mai zuwa.