Zancen silima: fim uku na gida

Ina gaida malaman yaƙi da jahilci da ɗalibansu, na birni da na karkara, tun daga Yamai har Tawa, Maraɗi da Damagaram.

Yau zancenmu na silima ne. Na san akwai dattijan da za su ce: "Malam, mu da muke neman baƙi da lissafi, ina ruwanmu da wasan yara?" Ku yi haƙuri ku kasa kunne. Fim iri-iri ne. Akwai na rawa da waƙa, akwai na faɗa, akwai kuma fim na gaskiya. Shi wannan ba wasa ake shiryawa ba. Mai fim yakan ɗauki na'urarsa ya bi mutane gona da kasuwa da cikin gida, ya ɗauko zamansu yadda yake. Irinsa uku na kalla cikin ƴan kwanakin nan. Ƴan ƙasarmu suka yi su, kuma Hausa ake ji a bakin mutanen ciki. Kowane ɗaya ya bar mana aikin da za mu yi a aji.

Kada ku yi mamaki. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. A 1972, da aka fara ba da babbar kyautar bikin silima na Wagadugu, ɗan ƙasarmu Umaru Ganda ya fara ɗaukarta.

Na farko, fim ɗin albasa ne. Sani Magori ya yi shi a 2008. Sunansa da Faransanci Pour le meilleur et pour l'oignon. Sani ɗan Galmi ne, cikin jihar Tawa, kuma ilimin noma ya fara karantawa kafin ya kama silima. Kowa ya san albasar Galmi, har ƙasashen bakin teku ana kai ta. Fim ɗin yana bin wani manomi tun daga aikin gona har ɗiba. Ɗiyarsa ta isa aure, an ce sai albasa ta nuna za a yi buki. To, ga inda gizo ke saƙa. Kowa yana ɗiba lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Mai hali yakan zuba tasa cikin rudu ya jira ta yi tsada. Mai buki a gabansa ba shi da ikon jira.

A ganina wannan fim ya fi dacewa da manoma da ƴan ƙungiyoyin haɗin kai. Ba shi da gaggawa, wanda ya saba da fim ɗin faɗa zai ce ya cika sanyi. Amma manomi ba zai gaji ba, don kansa yake gani. In kun kalla, ku ɗauko allo. Ku rubuta kuɗin iri, da na taki, da na mai, da na ƴan ƙodago. Ku rubuta yawan buhun da kuka samu. Ku raba, ku ga nawa buhu ɗaya ya ci. Kada ku manta, albasa a ajiye tana ramewa, wata tana ruɓewa, shi ma a sa shi cikin lissafi. Wanda ya san abin da buhu ya ci, dillali ba ya yi masa wayo.

Na biyu shi ma na Sani Magori ne, na 2010. Sunansa Kukan Kurciya. Kun san abin da Hausawa suke cewa: kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Labarin wata tsohuwar zabiya ne. Da ƙuruciyarta waƙoƙinta suna zuga samari su tafi biɗa, wanda ya zauna gida ya ji kunya. Maza da yawa suka tafi, waɗansu ba su komo ba. Mahaifin mai fim ɗin yana cikinsu, ya daɗe zaune a Abijan. Sai ɗan ya je wurin tsohuwar ya roƙe ta. Tunda muryarta ta kore su, to, muryarta ta kira su. Suka kama hanya tare har Abijan, ta yi musu sabuwar waƙa ta komawa gida. Ko uban ya amsa ko bai amsa ba, wannan na bar muku ku gani da idonku.

Cikin ukun, shi ya fi kama mani zuciya. Abin da na yaba, bai zagi ɗan biɗa ba, bai kuma zagi zabiyar ba. Yunwa da kunya ke fitar da mutum daga garinsu, kunya kuma ke hana shi komowa hannu sake. Ina ba matan da mazansu ke tafiya shawara su kalla, da samarin da ke ɗaure kaya. Aikin aji kuwa shi ne wasiƙa. Kowa ya rubuta layi biyar zuwa ga wani nasa da ke nesa. Ko a takarda ko a salula, da hannunka, ba sai wani ya ji asirin gidanka ba.

Na uku sunansa Zinder, na 2021. Aisha Macky ta yi shi, ɗiyar Damagaram ce. Ta shiga unguwar Kara-Kara, inda a da aka keɓe kutare. Can ta zauna da samarin da ke cikin ƙungiyoyin da suke kira palais, wato fada da Faransanci. Za ku ga suna ɗaga ƙarfe don gina jiki. Za ku ga tabon wuƙa. Za ku ga mai shigo da man fetur ta ɓarauniyar hanya, da wanda ke kaso. Da yawansu ba su shiga boko ba, ba su kuma da sana'a. Aisha ba ta yi musu wa'azi ba, ta bar su sun yi magana da bakinsu.

A nan ina da magana biyu. Ta farko, wannan ba na ƙananan yara ba ne, akwai kalamai da labarai masu nauyi. Ta biyu, sunan ya fi fim ɗin faɗi. Unguwa guda aka nuna, ba Damagaram duka ba, kada baƙo ya ɗauka haka garin yake. Duk da haka ya kamata iyaye da masu unguwa da limamai su gan shi. Waɗannan samari ba daga sama suka faɗo ba, a gidaje aka haife su. Aikin aji shi ne, kowane ɗalibi ya rubuta sunayen ƴaƴansa da shekarunsu. Ya duba wa ke da takardar haihuwa, wa ba shi da ita. Yaron da ba shi da wannan takarda yakan sha wahala in lokacin jarrabawa ya zo, haka ma wajen neman katin ɗan ƙasa.

To, malamai, ga shawarata gare ku. Ku tambaya a gidan samari da al'adu na garinku, ko wurin masu kula da karatun manya, yadda za a samu waɗannan fina-finai. In an nuna, kada a watse. A zauna, a rubuta sunan fim a allo, a karanta tare. Kada ku yarda da mai cewa "ya yi daɗi" ya yi shiru. Ku tambaye shi: mene ne ya yi daɗin? Ina ne ba ka yarda ba? Wa za ka ce ya je ya kalla? Mata ma a ba su dama su faɗi nasu, don abin da suka gani ba lalle maza sun gan shi ba.

Ku kuma ɗalibai, wanda ya kalli wani fim da ya ga yana da amfani, ya rubuto mana. Ya sa sunan fim ɗin, da wanda ya yi shi, da dalilinsa. Ko layi uku ne, in dai da hannunsa ya rubuta, muna maraba.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.