JAWABIN DA AKA YI WA JAMA'AR KURFAI A FILINGE A KAN RAGE KUƊIN ILMI

Iyayenmu, malamanmu, mata da samari, da waɗanda suka taso tun daga Tukunus da Bonkuku da Abala, muna gode muku da kuka bar aikinku kuka zo. Maganar da ta tara mu yau maganar baitulmali ce. Kada kowa ya ce wannan zancen 'yan boko ne na Yamai. Kuɗin nan naku ne, daga harajinku da kuɗin kasuwa da na kwastan aka tara shi, saboda haka tilas ku san inda wuƙa take faɗawa duk lokacin da aka ce za a rage.

A watan Oktoba na 1983 da bayansa manyanmu sun ga irin wannan. Kafin nan kuɗin yuraniyom na Arlit da Akuta ya cika hannun gwamnati, aka gina makarantu, aka ɗauki ma'aikata. Janar Seyni Kunce kansa ɗan Fandu ne, a nan Filinge ya fara zama a benci. Da farashin yuraniyom ya faɗi, bashi ya hau kan ƙasa, sai aka nufi Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1983, sa'an nan Bankin Duniya a 1986. Sun ba da rance, amma da sharaɗi: a tsuke ɗaukar ma'aikata, a rage tallafin ɗalibai, a raba aji ɗaya biyu, waɗansu yara su zo da safe waɗansu da la'asar, malami kuwa ɗaya ne. Ɗalibai suka ƙi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibu, suka fito za su ƙetare gadar Kennedy a Yamai, aka buɗe musu wuta, gwamnati da bakinta ta ce uku sun mutu. Jinin yaran nan yana cikin abin da ya kawo Taron Ƙasa na 1991.

To, me ya biyo baya? A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin littafi da alli da duk abin da ake sayowa daga waje ya tashi. Malamai suka yi watanni ba albashi, aka yi ta yajin aiki, har aka yi shekarun da aka soke karatu ɗungum. Daga 1998 aka shiga ɗaukar malaman sa-kai da na kwantiragi, masu ɗan horo kaɗan da albashi ƙanƙane, har suka zama su ne mafi yawa a makarantun firamare. Ba mu zargin yaran nan da aka ba alli, yunwa ta kai su, kuma da yawansu sun yi iyakar ƙoƙari. Muna zargin lissafin da ya ce malami mai arha daidai yake da malami mai horo. Amsar lissafin nan ta fito a 2014, da aka gwada yaran ajin ƙarshe na firamare a ƙasashe goma masu magana da Faransanci. A Nijar ko yaro ɗaya cikin goma bai kai matsayin karatun da ake nema ba. Watau abin da aka yanke a zamanin uba, a kan ɗansa aka biya.

Wannan shi ne dalilin da ya sa masu kasafi suke son yanka makaranta. In aka hana soja albashi, kafin sati kowa ya ji. In aka ƙi biyan ruwan bashi, masu bashi su rufe ƙofa. Amma in aka fasa gina aji, ba a jin kuka sai bayan shekara goma sha biyar, lokacin nan kuwa wanda ya sa hannu ya daɗe da barin kujera.

Ku dubi ajin zana, ba sai mun kawo muku takarda ba. Doka ta ce a koma makaranta a watan Oktoba, amma ajin kara ba ya tsayawa sai an girbe hatsi an sami kara. Iyaye su sara, su kafa, watakila sai Nuwamba ko Disamba yara su zauna. Iskar farkon damina ta zo ta kwashe rumfar, karatu ya ƙare. Yaron da ke cikin gini yana da wata tara, ɗan rumfa yana da shida ko ƙasa da haka, ga shi jarrabawarsu ɗaya. Sa'an nan ga wuta. A watan Afrilu 2021 gobara ta cinye yara wajen ashirin a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a watan Nuwamba na shekarar kuma fiye da ashirin suka ƙone a Maraɗi. Allah ya jiƙansu. Kara ne ya ci wuta, amma rashin kuɗin gini ne ya sa su cikin kara.

Akwai kuma ragin da ba a rubutawa. Jama'ar Nijar tana ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin ɗari kowace shekara, kuma wajen rabinta yara ne da ba su kai shekara goma sha biyar ba. Saboda haka ko an bar kuɗin ilmi yadda yake bara, rabon kowane yaro ya ragu. Tuwo bai ƙaru ba, hannuwa sun ƙaru.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, masu ba da tallafi suka janye hannu. A watan Oktoba na shekarar aka rage kasafin ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, daga biliyan 3,291 na sefa zuwa biliyan 1,981. Mu masu kishin ƙasa ne, ba mu yarda wani ya ja mu da igiyar yunwa ba. Amma gaskiya ɗaya ce: ƙasar da kasafinta zai faɗi haka don baƙo ya rufe jakarsa, 'yancinta bai cika ba tukuna. Ba zai cika ba kuwa sai ta sami 'ya'yan da suka iya aiki, masu samun abin da za su biya haraji da shi.

Ga misali a ƙofar gidanmu. A Tukunus akwai tashar kiwon shanun Azawak, waɗanda makiyaya suka san su da yawan nono. Wa zai yi musu allura, wa zai auna nono, wa zai gyara injin rijiya in ya tsaya? In ba mu horar da 'ya'yanmu ba, sai a kirawo wani daga nesa a biya shi, namu kuwa su tafi cin rani Kwatano ko Ikko ko Kumasi su yi dako. Ba mu raina dako ba, da shi aka ciyar da gidaje da yawa a Kurfai a shekarun fari na 1973 da 1984. Amma ɗan dako abin da yake aikowa na hatsi ne, ba ya gina masana'anta. Baitulmali ya rasa haraji, a sake cewa babu kuɗi, a sake yanka makaranta.

Za su ce mana yaƙi ne ya cinye kuɗin. Mun san yaƙin nan fiye da su. Mun san Cinagodar a 2020, mun san 'yan kasuwar da aka kashe a hanyar Banibangu a watan Maris 2021, mun san ɗaruruwan makarantun jihar Tilaberi da aka rufe. A sayi makami, ba mu hana ba. Sai dai a tuna cewa saurayin da ba shi da karatu, ba shi da sana'a, shi ne wanda masu bindiga suke saye da babur da 'yan kuɗi.

A taron Incheon na 2015 ƙasashen duniya suka amince a ba ilmi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke kashewa. Muna neman kada a sauka ƙasa da wannan, kuma a buga a fili nawa aka kashe da gaske, domin abin da ake rubutawa a farkon shekara dabam, abin da ke fita dabam. Ku kuma shugabannin rassa, kowa ya koma garinsu ya ƙirga ajin gini nawa ne, na kara nawa, malami nawa ke wurin, wata nawa yake bin bashin albashi, kuma ran da aka fara karatu bana. Ku rubuta, ko da ajami ne, ku kawo wa magatakarda kafin taro na gaba.