Ɗaliban Jami'ar da Suka Koyi Sauraron Juna

   Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai ɗinkin hula ma kada ta ajiye allura, kunne kawai nake roƙo a ara mini.

Yau tafiya mai nisa za mu yi, mu je Afirka ta Kudu, daga can mu haura Amurka. Labarin wasu ɗaliban jami'a ne masu koyon kiɗa, waɗanda suka je wani babban taro suka yi wasa a shekarar 1988. Na san wata za ta ce, "To mu ina ruwanmu da kiɗan 'yan boko?" Ki ɗan yi haƙuri 'yar'uwa, in kin bi ni a hankali za ki ga inda zancen ya shigo har tsakar gidanki.

Kiɗan da suke koyo sunansa jaz. An haife shi ne a birnin New Orleans na ƙasar Amurka, a farkon shekarun 1900, a hannun baƙaƙen fata, jikokin bayin da aka kwaso daga nan Afirka. Kayan kiɗan sun haɗa da ƙahon ƙarfe da ake busawa, da saksofon mai murya kusa da ta algaita, da fiyano, da ganguna, da wani ƙaton abu mai tsirkiya huɗu da ake kaɗawa da yatsu, mai kaurin murya. Yadda ake yinsa kuwa, da farko kowa da kowa za su ɗauki karin da suka sani tare. Daga nan sai a ba mutum ɗaya fili, ya ƙirƙiro nasa nan take, ba tare da an rubuta masa ba, sauran suna tallafa masa a hankali daga baya. In ya gama ya ja da baya, wani ya karɓa. A ƙarshe su koma kan karin da suka fara da shi.

Wadda ta taɓa zama wurin kiɗan ƙwarya ba za ta ji wannan baƙon abu ba. Marigayiya Barmani Choge takan jefa baitin da ya zo mata a take, 'yan amshi su karɓa, masu ƙwarya su riƙe mata kiɗa. Ko kuma mu ɗauki lugude. Mata uku a turmi ɗaya, kowacce da taɓaryarta, har da tafi a tsakani. Me ke hana taɓaren nan karo? Ai kunne ne. Kowacce tana jin saukar taɓaryar 'yar'uwarta kafin ta sauke tata. Ranar da ɗaya ta ce ita ƙarfinta za ta nuna, to sai dai a kwashi hatsi a ƙasa, in an yi rashin sa'a har da fashin goshi. To haka jaz yake. Duk gwanintar mai busa, in bai iya sauraro ba, ɓata wa jama'a kiɗa zai yi.

Yanzu mu je Afirka ta Kudu. A waɗancan shekaru ƙasar tana ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. Tun 1950 doka ta kasa mutane gida-gida, aka yi wa kowa rajista da launin fatarsa, aka kuma ware wa kowane jinsi unguwarsa: Turawa daban, baƙaƙe daban, Indiyawa daban, ruwa-biyu daban. Yaro zai tashi ya girma bai taɓa zama aji ɗaya da wanda ba launinsa ba. Daga 1986 zuwa 1990 kuma aka ƙaƙaba wa ƙasar dokar ta-ɓaci, ana kama mutane ana tsarewa ba shari'a.

Cikin wannan hali ne wani Ba'amurke mai kaɗa fiyano, Darius Brubeck, ya koma birnin Durban da zama a 1983, shi da matarsa Catherine, 'yar asalin ƙasar. A Jami'ar Natal ya buɗe karatun digiri na jaz, irinsa na farko a wata jami'a ta Afirka. Ba a ƙasa ya ɗauko halin ba. Mahaifinsa, Dave Brubeck, shahararren makaɗi ne, wanda a 1960 ya haƙura da wasanni sama da ashirin a kwalejojin kudancin Amurka, saboda an ce sai ya cire baƙar fatar da ke cikin ƙungiyarsa, shi kuwa ya ce ba zai cire ba.

Daga cikin ɗaliban Darius aka haɗa ƙungiya mai suna Jazzanians. Akwai Zim Ngqawana mai saksofon, da Johnny Mekoa mai ƙaho, da Victor Masondo, da Lulu Gontsana mai ganguna, dukkansu baƙaƙe. Akwai Melvin Peters mai fiyano, ɗan asalin Indiya. Akwai kuma Turawa irin su Andrew Eagle mai jita. Ki duba fa, mutanen da doka ta hana su maƙwabtaka, ga su a ɗaki ɗaya, ana ce wa wannan, "Sassauta, ka ba ɗan'uwanka fili." Baturen da ya saba a yi shiru in yana magana, yau shi ne ke riƙe wa baƙar fata kiɗa daga baya. Shi kuma wanda aka saba wa sunkuyar da kai, an ce ya fito gaba ya faɗi abin da ke ransa da ƙahonsa.

A 1988 suka tafi birnin Detroit na Amurka, wurin babban taron shekara-shekara na malaman jaz, inda ƙungiyoyin ɗalibai daga makarantu dabam-dabam ke hawa dandali suna nuna abin da suka koya. Ba a taɓa ganin ƙungiyar ɗalibai mai gamin launuka daga wata jami'ar Afirka ta Kudu ta fita waje ta yi wasa ba sai su. Suka kuma tafi da kiɗan gidansu, wato karin da suka tsara da kansu mai ɗanɗanon unguwannin baƙaƙen ƙasarsu. A shekarar nan suka ɗauki faifai, wanda ma'anar sunansa da Hausa ita ce "Mun daɗe muna jira". An sake fitar da shi a 2024.

A nan ina so mu yaba wa mace. Masu kallo makaɗa suke gani a kan dandali, amma neman kuɗin tafiya, da rubuce-rubucen wasiƙu, da shirya yadda za a je a dawo, Catherine ce ta tsaya a kai. Mun san irin wannan aiki, mu da muke tashi tun asuba don yaro ya fita makaranta da cikinsa a cike.

Sai kuma Johnny Mekoa. An haife shi a 1945, kin ga ke nan ya haura arba'in yana zama aji da sa'o'in ƙannensa. Gemu ba ya hana ilimi. Ya gama digirinsa, ya ƙaro karatu a Jami'ar Indiana ta Amurka, ya dawo gida a 1994 ya buɗe makarantar koyar da kiɗa ga 'ya'yan talakawa a unguwar Daveyton. Ya rasu a 2017. Zim Ngqawana kuwa ya jagoranci makaɗa a bikin rantsar da Nelson Mandela a 1994, ya rasu a 2011. A 1992 kuma aka fara shirya bikin jaz na matasa a garin Grahamstown, wanda aka sauya wa suna zuwa Makhanda a 2018, inda ɗalibai samari da 'yanmata na kowane launi ke haɗuwa, a gwada su, a zaɓi gwanaye a haɗa ƙungiyar ƙasa.

To uwargida, ga inda zancen ya zo gida. Ba ina cewa ki tura ɗanki ya koyi busa ba, kowane gida da tsarinsa. Amma yaran nan da kike goyo, gobe su ne a jami'a, su ne a bautar ƙasa, su ne a kasuwa da ofis, tare da 'ya'yan mutanen da yarensu da addininsu ba irin namu ba ne. Wanda bai koyi jiran wani ya kai aya ba, zai sha wuya, ya kuma shayar da wasu. Sauraro kuwa koyonsa ake yi, kamar yadda ɗaliban nan suka koya, kuma ajin farko shi ne ɗakinki.

In yara sun kawo miki ƙara, kada ki yanke hukunci da bakin wanda ya fi ƙarfin murya. Ki ce kowa ya faɗi nasa, ɗaya bayan ɗaya, ba katsewa. In an zauna tatsuniya da dare, ki ba ƙaramar cikinsu dama ta yi tata, ko da kwan-gaba-kwan-baya take yi, manyan su yi mata amshi. Wanda ya cika zaƙewa ki koya masa ja da baya, mai noƙe-noƙe ki jawo ta gaba. Mu kanmu kuma, tsakaninmu da abokan zama da surukai, mu duba sau nawa muke barin 'yar'uwa ta gama magana kafin mu ɗora tamu, domin abin da yaro ya gani shi yake ɗauka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nan za mu dakata don lokaci ya cim mana. Mai ƙorafi ko ƙarin bayani ta aiko da wasiƙarta, za mu karanta a wannan fili.